Kalma Ɗari Uku

Fom ɗin ya ce: cikin kalma ɗari uku
bayyana dalilinki na neman digiri na biyu
a fannin lafiyar al'umma.
Ina zaune a shagon Tanimu mai kwamfuta, bayan Kasuwar Barci,
janareto na tari, fanka na juyawa.

Na rubuta: Tun ina ƙarama nake da burin...
Na goge. Ƙarya ce.
Ina ƙarama ɗinki nake so,
har gobe in na ga kalmasa ta karkace
yatsuna kan riga idona ganewa.

Shekara tara ke nan ina ƙaramin asibiti a Rigasa.
Na san ma'aunin jarirai mai ƙugiya,
na san firjin allura da ranar da yake yaji,
na san uwar da in ta ce gobe
sai yaron ya yi haƙori take dawowa.

Daminar bara waccan amai da gudawa ya shigo.
Gado shida gare mu, mutum talatin da ɗaya.
Muka rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar kalanda,
da ƙusa ta ƙare, a reshen darbejiya.
Kwana uku Sista Rifkatu ba ta cire takalmi ba.
Wata yarinya, Indo, ta roƙe ni ƙanƙara.
Na ce bari gari ya waye.
Ita ba ta jira wayewa.

A dare na huɗu na buɗe rajista don in kori barci,
sai na ga layi ɗaya yana ta maimaita kansa.
Na yage kwalin magani, na zana unguwa a bayansa,
kowane gida ɗigo, kowane ɗigo mutum.
Ɗigon suka taru kamar kiyashi a kan sukari,
rijiya guda suke kewayewa.

Rijiyar Baba Sambo.
Shi ya haƙa ta sadaka, ladan ya kai wa marigayiya matarsa.
Na auna da ƙafata:
taku bakwai tsakaninta da masan maƙwabta.
Na faɗa masa a zaure, kaina a sunkuye.
Ya ce, 'Yar nan, sadakar tawa ce ke kashewa?

Na kai kwalin sakatariya.
Wani mai tabarau ya juya shi, ya karanta sunan maganin,
ya ce, Wa ya yi binciken?
Na ce ni.
Ya ce, Da wace takarda?
Ya ɗora kofin shayinsa a kan Rigasa.
Da na fito, zoben ruwa ya cinye gida huɗu,
tawada tana narkewa.

To ga dalilina, malamai:
ina son in koyi sunan abin da na yi a daren nan,
in iya lissafinsa, in san inda na yi kuskure,
in shiga ofis kwalina ya yi nauyin da kofi ba ya dannewa.

Tanimu ya leƙo, ya ce, Anti, ɗari huɗu da goma sha biyu,
sai kin rage.
Na cire ɗinki. Na cire darbejiya.
Na cire takalman Rifkatu, Allah ya ba ta haƙuri.
Na kai kan Indo, hannuna ya tsaya.
Na cire gaisuwar farko da godiyar ƙarshe,
ƙanƙarar ba ta ciruwa.

Takardar sakamakona tana Zariya, wata biyu ana cewa an sa hannu.
Likitan da zai shaide ni wayarsa a kashe.
Kuɗin fom, kwasar adashe ce da na yi wa buhun masara niyya.
Na danna.
Ƙaramin zobe ya hau juyi a allo, sabis na ɗaukewa yana dawowa.

Da magariba na bi ta layin.
An rufe rijiyar da kwano, an ɗora dutse biyu,
yara na layi da jarka a famfon masallaci.
Baba Sambo na kan dakali da butarsa.
Na gaishe shi, kamar kullum.
Ya dubi butar.
Har yanzu bai fara amsawa ba.