Tagar da Na Kira Kuskure

Ni kafinta ne, ba mai zanen gini ba.
Shekara talatin ina kafa tagogi a Tromsø,
garin da rana ke yin ƙaura ƙarshen Nuwamba,
ba ta waiwayo sai Janairu ya tsufa.

Torunn ta zo da takarda naɗe a hammata,
gidan tsofaffi za a gina a gangaren tudu.
Ta nuna min wani tsagi a bangon kudu,
siriri, a karkace, can sama dab da rufi.
Na ce, wannan kuskure ne ko?
Ta ce, kafa shi yadda ka gan shi, Halvard.
Na ce, ko teku ba a hangowa ta nan.
Ta ce, ba don a leƙa waje na yi shi ba,
don baƙuwa ta shigo ne.

Mai kuɗin aikin ya ja tsaki,
ya lissafa abin da gilashi ruɓi uku zai ci.
Ko gezau.
Kanta kamar tsohuwar ƙusa a katako.

Haka ta yi da Aslak mai haɗa wuta.
Ya kawo fitilu farare fat,
ta mayar masa cikin kwalinsu.
Ta ce farin nan wanke fuska yake har jini ya gudu,
tsoho ya dubi madubi ya tsorata da kansa.
Ta jera ƙanana, masu launin zuma,
ƙasa-ƙasa, a gefen matakala,
saboda ƙafar da ke lalube da tsakar dare.
Ta hana daɓe mai sheƙi,
wai idon da ya gaji
yakan ɗauki ƙyalli ruwa ne, ya ƙi takawa.
Lungu ɗaya ta bari da duhu-duhu, da kujera guda.
Ta ce mai son kuka ma yana da haƙƙi a gida.

Na ce a raina, iyayi.

Bayan shekara huɗu
ni na kawo mahaifiyata gidan,
da akwati ɗaya da agogon bango.
Sunana ya riga ya zube mata.
Tana kirana da sunan ƙanenta
wanda teku ya ci tun ba a haife ni ba.

Rana ta tafi.
Wata biyu sama kamar an tsoma ta a shuni,
tsakar rana da almuru ba ka bambancewa.

Ashirin da ɗaya ga Janairu
muna zaune a ɗakin cin abinci,
an raba burodi mai zaƙi, an zuba koko.
Sha biyu saura kaɗan
sai ga ta tsakanin duwatsu biyu,
ba ta fi yankan farce ba.
Ta bi ta tsagin nan,
ta sauko bango a hankali
kamar mai gudun ta da wani daga barci,
ta kwanta bisa dogon tebur,
faɗin tafin hannu.

Cokula suka tsaya.
Tsoho Edvin ya cire hula.
Mahaifiyata ta miƙa hannu cikin hasken,
ta juya shi, ciki da bai,
yadda ake yi a bakin murhu.
Ta dube ni ta ce,
Halvard, ka ga ta dawo.

Minti shida. Na duba agogo.
Sannan dutse ya haɗiye ta.
Kafin a kwashe kofuna
na koma ƙanenta.

Torunn tana Bergen yanzu, ban taɓa faɗa mata ba.
Amma duk ranar ashirin ga wata
nakan zo da tsani da tsumma
in goge gilashin, ba wanda ya sa ni.

Jiya yaron da nake koya wa aiki
ya ɗaga guduma a wani ginin,
wai wannan taga ta karkace, bari ya daidaita.
Na riƙe masa hannu.
Na ce, ajiye tukuna.
Je ka tambayo ta ina rana ke zuwa.