Abin da Mai Koko Ta Faɗa wa Baƙuwa

Zauna kan bencin nan, 'yar'uwa, ki huta.
Tun daga kwanar Aboabo na hango ki kina juya takarda.
Daga Bawku kuka taso? Bakinki ya nuna.
Kar ki miƙo mini, ni ma ban iya karanta ta ba,
amma shekara sha bakwai ina dama koko a ƙofar nan,
abin da ke cikinta ya daɗe da zama a kaina.

Bakwai da rabi Baba Isifu ke jan ƙofa.
Mutumin kirki ne, goro guda ya ishe shi yini,
amma in ya rataya kwaɗon nan,
ko ɗan cikinsa ne, sai ya tsinci ledar ruwa ashirin ya shiga.
Kar ki ce masa mota ce ta maƙale a Kejetiya,
ya ji wannan tun ba a haifi 'yarki ba.

Yaya sunanta? Sharifatu.
To, Sharifatu za ta zo da tsintsiya farkon zango,
ajinsu ke share ƙarƙashin mangwaro.
In ƙararrawa ta buga, layi,
a duba farce, a duba wuyan riga, a duba safa.
Safa fara. Takalmi baƙi, rufaffe.
Silifa sai mai ciwo a ƙafa, shi ma da takardar asibiti.

Ki rubuta sunanta a kan komai,
jaka, gorar ruwa, kwano, har cikin ɗankwali.
Akwai kwali a ofishin hedimasta
cike da rigunan da ba su da uwa.
Duk ƙarshen zango a shanya su a rana,
iyaye su yi ta ɗagawa suna rantsuwa.

Ranar Juma'a ba yunifom, atamfa ake sawa.
Laraba da safe 'yan coci su yi waƙarsu a babban aji,
namu su bi Malam Fusaini bayan ɗakin karatu.
In an tashi, ƙwallo ɗaya suke bi.

Kuɗin tara, sidi biyar ya isa.
Kar ki fi haka, mai alawa zai cinye rabi.
Abincin rana suna bayarwa,
amma ran da tukunya ta makara, ciki bai san uzuri ba.
Ki sa mata ko gurasa a jaka.

In zazzaɓi ya kama ta, ki aiko da saƙo kafin tara.
Kwana uku shiru, Madam Owusuwa za ta zo har gida,
ta san kowane lungu na zango fiye da mai karɓar kuɗin wuta.
Za ta yi miki Tonanci, ki amsa da Hausa,
ku haɗu a tsakiya.

Biyu da rabi ake tashi.
Ba a ba kowa yaro sai wanda sunansa ke littafi.
Bara wani kawu ya zo da babur, ya yi ta kumfar baki,
haka ya koma shi kaɗai.
Taron iyaye kuwa, ki je.
Wanda bai je ba, shi aka fi yanke wa kuɗin fenti.

Aji biyu aka sa ta?
Malaminsu dogo ne, ba ya dariya kafin goma.
Kar tsayinsa ya tsorata ki.
A nan na goye shi, bayan wannan tukunya,
sau uku yana tsintar leda a ƙofar nan yana kuka.
Yanzu ni ma sai na jira a tashi nake masa magana.

Ga ƙararrawa. Saki hannunta.
Saki mana, ba za ta ɓata ba.
Kar ki leƙa ta taga, sun hana,
kuma in ta gan ki sai kukan ya dawo sabo.
Karɓi kokon nan da ƙosai biyu.
Na yau ba kuɗi.
Gobe kam, ki zo da canji.