Tafinta

Tun ranar farko Madam Furera ta ja mini kunne:
kada ka ce "ta ce", Idrisa,
ka ce "ni".
Magana ta fi kama jiki haka.

To, tun bara ni ne.
Ni ce aka kora daga bakin rijiya da guga a hannu.
Ni ne na haƙa wa ƙannena biyu rami da ƙwarya.
Ni ce na kwana uku goye da yaro,
ban yarda na kwance zanen na duba ba.

Ɗakin yana can bayan likita, a nan Tawa:
kujera uku, panka mai kukan tsohuwar akuya,
kwalin hankici da ba ya kai Laraba.
Magana takan shigo da Tamajak, harshen uwata,
wanda aka yi mini rarrashi da shi,
ta fita da Faransanci, wankakkiya, da karin guga.
Gari ya wuce cikin littafin Madam,
tsaki ya tsaya a rariya.
Ba wanda ya taɓa tambaya ina ake zubar da shi.

Ran Litinin wata tsohuwa, Tekna, ta faɗi kalma ɗaya ta yi shiru.
Na san kalmar.
Taguwa ce da ɗanta ya mutu,
a cusa fatarsa da ciyawa a tsayar gabanta
don kada nono ya ƙafe.
Alƙalamin Madam yana jira.
Na ce: "Na gaji."
Ta rubuta a ƙarƙashin sunan Tekna.

A fada, wajen shayi, sai su ce:
kai ka more, ɗan poroje,
surutu kawai ake biyan ka.
Nakan yi dariya, in gyara zama
yadda bayana zai jingina da bango,
idona yana kan bakin titi.
Duk babur biyu da suka taho tare
sai na ƙirga su.

Shekaranjiya Barira ta saki murfin langa a tsakar gida.
Tsawar da na daka mata
ba muryata ba ce.
Shekararta biyar.
Cima ta ɗauke ta, ba ta ce uffan ba,
ta bar mini kwaɗon zogale a rufe har ya kwana.
A sallar isha na rasa ko raka'a ta nawa nake,
na ƙara ɗaya, na sake ƙara ɗaya.

Madam ma na gan ta.
An tashi aiki, mota a kashe, gilashi a rufe,
goshinta a kan sitiyari.
Da ta ɗago ta ce zafi ne.
Na ce zafi ne, Madam, bana ya yi yawa.
Mu da muke jin harshe ɗaya
babu mai yi mana tafinta.

Yau da magariba na bi ta tabkin Babaye,
na tsaya kallon masu ban ruwan albasa
har duhu ya haɗiye su.
Ina shiga gida Barira ta raɓe a bayan randa,
can ta leƙo:
Baba, koya mini magana ɗaya ta kaka.

Na shiga lalube.
Dare, an faɗe shi a ɗakin nan.
Takalmi, an faɗa. Ƙofa. Gudu. Ɗana.
Duk wadda na ɗaga, da yatsun wani a jikinta.
Na dubi moɗar da ke hannunta
na ce: aman.
Ta ce: amai?
ta ƙyalƙyale har ruwan ya zube mata a ƙafa.

Ruwa, na ce. Ruwa ke nan.
Miƙo in sha.

Gobe takwas na safe.
Suna tara ne a takarda.