Tagar Tikiti

Kafin ruwan nan, rami ne.
Kafin ramin, gonar accar Pwajok ce,
da shingen ƙyarana, da dutse bisa dutse
kamar wani ya ɗora ya manta.
Sai wani Bature ya duƙa a bakin rafi,
ya murza baƙin yashi a tafin hannu,
ya ce kuza.
Kalma ɗaya ta cinye gonar.

Dogo ya biyo baya, yana hawan tudun Jos da nishi.
Aka gina ɗaki biyu na dutse, aka rufa kwano,
ga sikeli, ga ƙararrawa, ga benci guda,
can bayan gari inda ko mai talla ba ya kaiwa.
Ba a raɗa mata suna ba.
Leburori suka ce Tashar Rami, ya bi ta.

Kakana Barau shi ke zama a taga.
Da ƙafa ya zo daga Rano neman kuɗin haraji,
ya ce wata uku zai yi.
Nan haƙoransa suka zube.
Ya san jirgi tun bai ɓullo ba,
ƙarfe ke faɗa wa tafin ƙafarsa.
Tarago ya tafi da buhunan kuza,
ya dawo da gishiri, kananzir,
da wasiƙun da sai an nemo mai karantawa.
Kachollom na gefe da tukunyar gwate,
sisi ka ƙoshi, in babu ta rubuta a ka.
Mata na hawowa daga rami a jere,
kowace da kwanon ƙasa a ka,
sanyi na tsaga musu dunduniya.

Ran da gaɓa ta rufta
mutum uku ba su karɓi ladan mako ba.
Jirgi ya yi busa, ya tashi a kan lokaci.

Daga baya kuza ta faɗi a kasuwar da ba mu taɓa gani ba.
Aka kashe injin zuƙar ruwa.
Damina ta zo ta tarar da ƙofa buɗe,
ta shiga, ta zauna,
ta kira ƙannenta shekara bayan shekara.
Jirgi ya koma sau biyu a mako,
sannan sau ɗaya,
sannan sai labari.
Kakana bai daina share benci ba.
Masu gwangwan suka kwashe dogo da dare,
ƙararrawa tana firamare tana kiran yara,
sikeli ban san inda ya kwana ba.

Yau an shafa wa bangon shuɗin fenti.
Akwai rumfuna a bakin tafki, da gasasshen kifi,
da kwale-kwale shida, ɗaya na yoyo.
Ran Asabar motoci ke zuwa daga Abuja
a sha sanyi, a ɗauki hoto,
masu shirin aure na jingina da dutsen Pwajok.
Suna cewa, kai, Allah ya yi halitta a nan!
Ba na gardama.
Ruwan dai nasa ne. Ramin namu ne.

Ni ke zama a taga yanzu.
Katakon yana da kwarmi a tsakiya
inda kwabo da sule suka yi ta gogawa,
nan nake ajiye canji.
Tikiti nake yankawa, kamar shi,
sai dai nawa ba ya kai kowa ko'ina:
ka zaga ruwa, ka dawo inda ka taso.

Jiya wata yarinya mai jan takalmi
ta ga sauran ƙarfe ya leƙo daga ciyawa,
ta ce, Baba, ƙarfe nawa jirgin ke zuwa?
Na buɗe baki zan ce ba ya zuwa,
sai na ji kaina na ce sha ɗaya da kwata.
Ta duba agogon uwarta.
Ta hau benci ta zauna.