Sallamar Na'ura

A shagona na Rijiyar Ɗorawa,
tsakanin baduku da mai sayar da fura,
akwai wata kwamfuta da ta girmi yaron shagon,
fankarta na nishi in rana ta take tsaka.

Ka soka mata igiyar firinta,
kafin ka janye hannu ta yi 'yar ƙara,
tilin-tilin, kamar mai amsa sallama daga zaure.
Ni na san abin da ke gudana cikin ƙiftawar nan.
Ta ji motsin baƙo a bakin kafa,
ta miƙa masa wuta kaɗan, ruwan maraba ke nan,
sannan ta ce: wane ne? Ɗan gidan wa? Mi kaka yi?
Baƙo ya faɗi lambar gidan da aka ƙera shi,
ya faɗi tasa, bai ɓoye yawan cinsa ba.
Ta buɗe kundinta, ta bi layi-layi,
ta zaƙulo direbansa, tafintan da ke jin yarensa,
ta yanka masa ɗaki,
ta nuna masa ƙyauren da zai buga in yana da magana.
Shi ke nan. Takardar Malama Luba ta fito da ɗuminta.

Da can ba haka ba.
Marigayi Arzika, ubangidana, da hantsaki yake shiga cikinta,
yana matsar da wasu 'yan ƙullai kamar ƙwayar gero,
ni ina riƙe da tocila, gumi na ɗiga a kan allo.
Ka tada sauti, linzami ya sandare.
Ka lallashi linzami, sauti ya yi yaji.
Baƙi biyu, ƙyaure ɗaya, kowa na cewa nasa ne,
har a kira la'asar tuwonmu na rufe a kwano.

Ran Talata wani dattijo ya shigo, Jelani,
da tsohuwar sikana a cikin buhun siga
da wasiƙu tara na ajami, tawadarsu ta fara gudu.
Na soka igiya. Tilin. Sai shiru.
Can ga wata alama ruwan ɗorawa ta fito:
ba a san wannan ba.
Na cire, na busa, na sauya kafa. Ba a san shi ba.
Masu ƙirar sun rufe kamfani tun ban ajiye gemu ba.

Dattijo ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Hakanga anka yi man," in ji shi.
"Shekara ashirin da shida ina Kumasi.
Na iso ƙofar gidan ubana da jikkata,
yara sunka ce: Baba, wa kaka biɗa?
Na faɗi sunana, na faɗi na tsohona, sunka dubi juna.
Sai wata tsohuwa can ƙurya ta ji tarina,
ta ce: ku ba shi hanya, wanga tarin na gidanga ne."

Ban ce komai ba. Na jawo akwatin Arzika daga ƙarƙashin benci,
gizo-gizo ya yi masa rawani.
Faifai kan faifai, ɓera ya ci rigunan wasu,
har na kai ga ɗaya mai rubutun biro, hannun maigida,
karkatacce kamar tafiyarsa.
Na sa. Ta yi nishi, ta yi tunani, ta sake nishi.

Tilin-tilin.

Wani siririn haske ya taso ƙarƙashin gilashi,
yana rarrafe, yana lasar takarda daga sama har ƙasa,
sai ga rubutu baƙi wuluk ya cika fuskarta.
Jelani ya matso da kujera, ya sa yatsa:
"Nan Inna ta ce in dawo kafin damina."

Bai faɗi wace damina ba, ni kuma ban tambaya ba.
Saura takwas. Na ɗaga murfi, na ce ya miƙo ta biyu.