Sakata

Ni na yi tafinta ranar da baƙin suka zo Car Moina,
tsibirin laka a kudancin Bangaladash.
Kwale-kwale ya sauke su, taɓo har gwiwa,
da takarda mai shafi goma sha ɗaya
da alƙalami rataye a wuya.

Ginin da kuɗinsu ya tsayar yana nan,
bene mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe,
an yi shi don ranar da teku zai yi fushi.
Sai dai guguwar bara ta ci mutum tara,
bakwai mata ne,
ginin kuwa na tsaye, rabinsa wayam.

Shugabar baƙin, Solbeg, ta ce in tambaya:
me ya hana mata gudowa?
Maza suka amsa tun ban rufe baki ba.
Wani dattijo ya ce ƙaddara.
Wakilin gunduma ya ce duhun kai, a ƙaro kuɗin faɗakarwa.
Ina juyawa, alƙalami na gudu.

Can baya, kusa da randunan ruwa,
Shefali Mondol, mai tatar 'ya'yan jatan lande,
wadda gishiri ya tsattsage wa dunduniya,
ta ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda,
ta ce: "Ban-ɗakin ginin nan ba shi da sakata."

Aka tuntsire. Ni ma na murmusa, Allah ya yafe mini.
Na ce wa baƙuwa: "Godiya take yi."

Shefali ba ta jin yaren baƙi,
amma ta ga alƙalamin bai motsa ba.
Ta ratso taro, ta damƙe wuyan hannuna:
"Ɗan boko, maganata ta fi haka nauyi.
Gaya mata ɗaki ɗaya ne, ba fitila,
kwana uku maza da mata, jiki na gugar jiki.
Gaya mata budurwa ta gwammace ruwa
da hannun da ba ta san mai shi ba cikin duhu.
Gaya mata matakala ashirin da biyu ce,
cikin Rahela ya shiga wata tara,
tsoho Haripada kuwa a tabarma ake ɗaukarsa.
Gargaɗinku a kasuwa ake shelarsa,
mu muna gida muna kwance awaki.
Gaya mata duka. Ina kallon bakinka."

Na faɗa, harshena kamar jiƙaƙƙen buhu.
Baƙuwa ta duba takarda gaba da baya,
ba gurbin sakata a shafi goma sha ɗaya.
Ta rubuta a gefe, inda ba layi.

Ban ce duniya ta gyaru ba.
Kuɗin ya yi wata takwas yana kwana ofis-ofis,
ya iso a rame, kowane tebur ya gutsuri rabonsa.
Gangaren keken guragu har yau rabi ne.
Amma an raba ɗakin, an rataya fitila mai shan rana,
kujeru goma na kwamiti, mata sun hau biyar,
ba don an so ba, don sun ƙi tashi.
Maƙeri ya karɓi taka casa'in ya ƙera sakata,
Shefali ta gwada ta sau uku da hannunta.

Da iska ta sake juyowa a watan Mayu,
ita ce da lasifika, haɓar zane ɗaure a ƙugu,
gida-gida tana kiran mata da sunayensu,
ba matar wane ba, ba uwar wane ba.
Na tsaya bakin matakala ina ƙirga,
har lissafi ya ɓace mini, na bari.
Samari huɗu suka hauro da Haripada yana musu faɗa.

Tsakar dare, ruwa na dukan ƙafafun ginin,
na ji ƙarfen nan ya ce ƙaras.
Wata yarinya ce ta rufe ƙofa daga ciki.

Ni dai tun ranar, in aka ba ni magana in kai,
ko gishirinta ba na ragewa a hanya.