Cin Ruwa

Baffana Gidado ba ya tsoron kada,
ba ya tsoron mai bin bashin taki,
amma in dare ya raba, fitila ta mutu,
sai ka ji shi yana susar ƙafa da totuwar masara
kamar mai kankare tukunyar da ta kama.

Shekara goma sha tara a fadamar Dadin Kowa,
shinkafa rani, shinkafa damina.
Ruwan dam ya ba shi buhuna, ya ba shi rufin kwano,
sannan ya tare tsakanin yatsunsa yana karɓar la'ada.
Fata ta yi fari fat, ta jiƙe, ta dare.

Ya sa toka. Ya sa lalle.
Ya sa baƙin man injin ban ruwa,
har tabarmar sallarsa ta ɗauki shaida.

Sista Rifkatu ta duba, ba ta yamutsa fuska ba.
Ta miƙo ɗan bututu, bai fi babban yatsa ba.
"A wanke, a tsane, a shafa, safe da yamma.
Ko ƙaiƙayi ya yi sallama, kada a raka shi,
sai mako huɗu ya cika."

Kwana biyar ƙafa ta yi shiru.
Baffa ya soke bututun a bayan azara.
"Wanda ya ƙoshi, me zai yi da ludayi?"
Da dashe ya zo, baƙon ya komo,
ya zo da ƙannensa har dunduniya.

Na ce, "Baffa, ƙiri-ƙiri fa,
in an sare kansa an bar saiwa?"
Ya dube ni ya daɗe.
"Ita ta ce ka faɗa min haka?"
"A'a. Kai ka faɗa min, ina riƙe da fartanya."

Yanzu bayan magariba ni ke durƙusawa,
in bi yatsun ɗaya-ɗaya da tsohon rawani,
in shafa farin man, sanyinsa ya shiga.
Shi kuma ya jefa ƙwayar shinkafa a gwangwanin tumatir.
Yau ashirin da uku.

Ya sayo dogon takalmin roba a kasuwar Gombe,
yana tafiya a ciki kamar shamuwa.
Totuwar nan kuwa,
da ita Adda Dudu ta hura wutar koko da asuba.